Siegfried a Soulcalibur VI: yaya zan yi da masu matse ni a kusa?

Dogon Takobi:
Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ina buga Soulcalibur VI, wasan bidiyo na faɗa da makamai, da ɗan wasan da ake kira Siegfried, har na kai ga kwamfuta ba ta iya yi mini komai, amma da zarar na haɗu da mutum mai riƙe da Taki ko Sophitia sai in rasa inda zan sa kaina. Jiya wani ya cinye ni turmi uku a jere, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk sanda na ɗaga takobi zan saro daga sama sai ya goce gefe, ya bar ni ina saran iska, sannan ya biyo ni ta baya. Shin laifin Siegfried ne saboda nauyinsa, in haƙura in koma wa Mitsurugi?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sauya tukuna, domin abin da ka kwatanta zai bi ka ko wa ka ɗauka. Tun da wasan ya fito a 2018 ginshiƙinsa bai sauya ba: saran tsaye ya fi illa amma ana goce masa, saran gicciye kuwa shi ne maganin mai gocewa. Kwamfuta ce ta ɓata ka, don tana tsayawa ta sha saran tsaye, mutum kuma ba zai tsaya ba. Idan ka lura abokin karawarka yana zagaya ka, ka tare shi da saran gicciye sau biyu ko uku har ya ji tsoron motsi, sannan ka dawo da 3B ɗinka (danna gaba-ƙasa tare da B, maɓallin saran tsaye) mai cilla mutum sama.

Abu na biyu shi ne tazara. Takobin Siegfried dogo ne, amfaninsa yana bakin tsininsa, inda kai kana isa gare shi shi kuwa ba ya isa gare ka. Taki gajerun wuƙaƙe gare ta, dole ta shigo jikinka kafin ta yi wani abu, saboda haka aikinka shi ne ka sa ta biya kuɗin shigowa da jininta. Ka ja da baya kaɗan, ka bari ta kai hari ta sami iska, a nan ne za ka sauke mata nauyin takobin.

Mai Lissafi:
Na yarda da Malam Tsohon Hannu a kan tazara, sai dai ina ganin bai taɓo inda ciwon yake ba, domin ko ka ƙi ko ka so za a shigo jikinka. Wasan yana tafiya a kan firem 60 a daƙiƙa, wato hotuna 60 da ke sauyawa a allo, kuma saran Taki mafi sauri yana fita cikin firem 10, wato ɗaya bisa shida na daƙiƙa. Idan ta tare saranka ka sake danna maɓalli, ita za ta riga ka. Na tabbata kana riƙe B bayan 3B ka shiga Chief Hold, wata tsayuwa ta musamman ta Siegfried, ko da an tare, alhali a cikin tsayuwar nan ba ka da kariya, ƙirjinka a buɗe yake. Na yi wata guda ina shan duka a daidai wannan wurin kafin in gane.

Ka shiga ɗakin atisaye, ka naɗi jerin saran da ya fi damun ka, ka sa kwamfuta ta yi ta maimaitawa, kai kuma kana tarewa kana gwada wane saranka ne ke samun ta kafin ta farfaɗo. Minti ashirin a rana sun isa. A intanet kuma, idan layinka yana jan ƙafa, ka rage dogaro da Guard Impact, wato kaɗe saran abokin karawa daidai lokacin da ya iso, domin lokacinsa ƙanƙane ne, kuma kuskurensa yana cin ƙarfin kariyarka.

Ɗan Voldo:
Ƙari kaɗan. Idan an matse ka kada ka mai da Reversal Edge, wato dabarar tare hari sannan a mayar da sara, mafaka, domin saransa na tsaye ne, gwani zai goce masa, ko ya fasa shi da Break Attack, saran nan mai fasa kariya da ke fitowa da shuɗiyar walƙiya. Ka kuma riƙa duba bayanka, tunda mai yawan ja da baya shi ake turawa wajen fili turmi ya ƙare da sauran jininsa. Game da sauya ɗan wasa, ba shi ne mafita ba: Yuttoto ya ci EVO, babbar gasar wasannin bidiyo na faɗa, ta 2019 a Las Vegas yana riƙe da Voldo, kuma Voldo ya fi Siegfried wuyar sarrafawa nesa ba kusa ba.

Dogon Takobi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma na kalli karawar jiya, na ƙirga sau tara ina shiga Chief Hold bayan an tare ni, sau bakwai a ciki na sha duka. Malam Mai Lissafi, wane sara kake mayar wa Sophitia da shi idan ka tare sukarta ta tsakiya?