Auduga: tsarinmu ko na Mali?

Ɗan Samaru: Salam jama'a. Ni fa ina nan kan bakana, ranar da gwamnatin Babangida ta rushe hukumar sayen auduga a 1986 ranar aka karya noman nan a ƙasar Zazzau. Ku dubi Mali, suna da kamfaninsu na auduga CMDT, tun kafin ruwa ya sauka an faɗi farashin kilo, a ba manomi iri da taki da maganin feshi bashi, in ya kawo kaɗa a cire, mu kuwa sai ka gama shan ranar tsinka sannan dillali ya yanka maka abin da ya ga dama.

Baba na Tudun Wada: Yaro, zamanin da kake yabo na gan shi da idona. Mun sha ɗora auduga a jaki zuwa fuloti, mu wuni a layi, mai awo ya damƙa ya ce taka lamba biyu ce alhali fara ce tas, kuma abin da hukumar ke biya bai kai na kasuwar duniya ba, rarar tana hannunta.

Ɗan Samaru: Allah ya ƙara girma Baba, ban musa ba. Amma ai kun san da mai saye kafin ku shuka ko? Yau wa ke da wannan tabbacin?

Maman Khalifa: To ai Malin ma a 2020 da aka rage farashi manoma ƙin shukawa suka yi, da yawa suka koma hatsi, noman ya faɗi warwas a shekarar.

Ɗan Samaru: Yauwa Hajiya, hujjata kenan! Suna da ƙungiya, sun juya baya tare, shekarar da ta biyo aka ɗaga kuɗin suka dawo.

Malamin Kwangila: Wlh duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Mali kusan duk audugarta ɗanya take fitarwa waje, tamu kuwa a da masaƙun Kaduna da Kano ne ke shanye ta, su Kaduna Textiles (KTL) da Arewa Textiles, rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da su, to ko ka tsayar da farashi wa zai saya? Iri ba matsala ba ne, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR nan Samaru da irin audugarsu SAMCOT.

Baba na Tudun Wada: Malam ka taɓo inda ke min ciwo. Gonata ta hanyar Giwa masara da waken suya nake sawa yanzu, don su ko buhu ɗaya na kai kasuwa ranar zan dawo da kuɗina. A nuna min mai saye tun bazara, wallahi bana zan nemo angurya.