Jari daga aikin gina shafukan intanet: abin da aka tattauna

A tattaunawar da aka yi kan yadda ake samun jari daga aikin gina shafukan intanet, yawancin waɗanda suka yi magana sun yarda cewa ba kuɗi ake fara nema ba, aikin nunawa ake nema. Ka gina shafi biyu ko uku, ko da kyauta, wa makarantar unguwa ko mai shagon atamfa a Kantin Kwari. WordPress, wato manhajar gina shafuka, kyauta ne. Kuɗin sunan shafi da na masauki, wato wurin ajiye shafin a intanet, kuwa, mai shafin ne zai biya.

Inda aka fi jan magana shi ne karɓar kuɗi. Ka karɓi rabi kafin ka taɓa kwamfuta, domin "zan biya in an gama" ta cinye gumin masu gina shafuka da yawa. Wasu suka ce kuɗin kula da shafi duk wata ya fi daɗi, ni ma na fi karkata nan. Ribar farko kuma a sayi batir ko sola, saboda wuta.