Wai da gaske ledar fiya wata da muke yarwa tana kaiwa teku?

Dan_Kawo: Salam yan uwa. Jiya ƙanwata ta dawo daga makaranta ta ganni na sha fiya wata na cilla ledar a kwata, wai yaya kana kashe kifin teku, malaminsu ne ya faɗa musu. Na yi dariya dan ni a Kaduna nake, ina ni ina teku, ko Legas ban taɓa zuwa ba. Dan Allah masu sani akwai gaskiya a maganar ko dai surutun yan boko ne?

Bagwariya: Yarinyar ta fi ka gaskiya malam. Kwatar unguwarku in ruwan sama ya sauka ina take zuwa? Kogin Kaduna. Shi kuma ya gangara jihar Neja ya faɗa kogin Kwara, a Lakwaja su haɗu da Binuwai su miƙe har tekun Atlantika. Ba duka ke isa ba, dam ɗin Shiroro na tare wasu, wasu su maƙale a gaɓa, amma leda ba ta ruɓewa kamar ganye, rana ce ke dagargaza ta ta koma ƙanana ƙanana kifi ya haɗiye, mu kuma mu sayi kifin mu ci.

Bakano_Zalla: To mu Kanawa mun kuɓuta kenan, namu ruwan Haɗeja yake bi ya nufi tafkin Chadi 😂 sai dai akuyar mamanmu da aka yanka bara wlh leda aka ciro a tumbinta dunƙule guda.

Dan_Nima: Ni a Ankara ta Ghana nake zaune, ku zo bakin ruwan Jamestown ku ga abin da idonku. Masunta su ja koma tun asuba su fito da robobi da tsummokaran gwanjo, kifin ɗan kaɗan. Amma fa kar a ɗora wa talaka laifin duka, manyan jiragen kamun kifi na waje suna kwashe har ƙananan da ba su isa kamu ba, abin da ya sa gwamnati ke rufe kamun kifi na wani lokaci a shekara dan su samu su hayayyafa. Ga man fetur da ya ɓata ruwan Ogoni can wajenku, wa ya yar da leda a nan?

Bagwariya: Haka ne, amma naka dai shi ne a hannunka. Ka tara robobin lemo ka ba yan jari bola, kuɗi ma za su ba ka, in za ka kasuwa ka riƙe jaka maimakon kowane mai tumatir ya ƙulla maka leda biyu. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya 2017, Legas ma ta hana robar tekawe ta kumfa a 2024.

Dan_Kawo: Na ji. Matsalar yanzu yarinyar nan ce, in ta san na yarda ba zan ƙara shan ruwa lafiya a gidan ba.