Farin ɗankwalin da ke cikin wani tsohon zane

Maiɗinki, Nima: Assalamu alaikum. Ɗinki nake yi a nan Nima, ina kuma ɗaura wa amare ashoke. Makon jiya wata amarya ta nuna mini wani zane a wayarta, an yanke shi daga wuya: baƙar mace da farin ɗankwali, bakinsa ya sauko gefen kumatu, ta ce irinsa take so ranar walima. Na ɗaura mata, amma har yau zuciyata tana kan matar. Wace ce ita, kuma da son ranta ta yi wannan ɗaurin?

Malamin makaranta, Aboabo: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bisa yadda kika siffanta, zanen Marie-Guillemine Benoist ne na 1800, wanda ke gidan tarihi na Louvre a Faris. Sunan matar Madeleine, kuma daga tsibirin Guadeloupe aka kawo ta aikatau. An zana ta tsakanin 1794, da Faransa ta soke bauta, da 1802, da Napoleon ya dawo da ita, shi ya sa nake ganin tambayarki ta biyu ta fi nauyi. Ga misali daga wani wuri: a Louisiana, da ke Amurka a yau, a 1786, gwamnan da Sifen ta naɗa, Esteban Miró, ya tilasta wa baƙaƙen mata, har da 'yantattu, su rufe gashinsu don kada a ɗauke su daidai da Turawa. Sai matan suka nemo yadi mai tsada, suka cika ɗaurin da ado, har abin da aka yi don ƙasƙanci ya koma abin ƙawa.

Inna, Zangon Kumasi: Malam ya yi bayani, amma 'yata, kada ki tafi nesa ki bar na gida. Adon kai yana magana a nan Ghana ma. Uwar sarkin Asante ba ta ɗaura duku, wato ɗankwali, a zaman fada, askin dansinkran ne alamar matsayinta, su kuwa matan Fante suna da tekua, wani gyaran gashi da ake yi wa adon zinariya. Hoton mahaifiyata na ranar suna yana nan a bangona: ɗaurin atamfa ɗan ƙarami, an turo shi goshi, mayafi a kafaɗa. Duk tsohuwar da ta gani takan faɗi zamanin da aka ɗauke shi, ba tare da ta juya bayansa ba.

Maiɗinki, Nima: Na gode, Malam, na gode, Inna. Don Allah ki ɗauko mini hoton ta gefe, ina so in ga inda aka soke bakin ɗankwalin.