Shatin tsayi: sunan da nake nema wa layukan taswirar Kainji

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Ina shirya wa ɗalibai darasi da taswirori biyu na yankin Kainji, ɗaya tun kafin a datse Kogin Kwara, ɗaya bayan tafkin ya cika a 1968. Irin wadda Turawa ke kira topographic map ce. Wannan bai ba ni wuya ba, na ce taswirar tudu da kwari, kowa ya gane. Wani abokin aiki ya fi son "taswirar yanayin ƙasa", amma da ka ce yanayi sai hankalin yara ya tafi ga zafi da damina.

Siraran layukan nan masu launin ruwan ƙasa, contour, su ne suka tsaya mini a rai. Kowanne yana bin wuraren da tsayinsu daga teku ya zo ɗaya. Inda suka cunkushe, hawa ne mai wuya. Inda suka ware, fili ne shimfiɗe.

An kawo "zoben tsayi". A kan dutse ya dace, zobe cikin zobe. A bakin kogi kuwa layin tafiya yake har ya fice daga takardar, babu zobe. "Layin tsayi" kuma yaro zai ɗauka layin ne dogo.

Jiya na ɗora sabuwar taswirar a kan tsohuwar, na manna su a gilashin taga. Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park, Baturen da ya zo binciken Kogin Kwara, ya halaka a 1806, ga sunanta yana leƙowa ta ƙarƙashin shuɗi. Na daɗe a tsaye. Gaɓar tafkin kuwa tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da layukan, lungu-lungu, wajen mita 142 sama da teku. Ruwan da ke kwance ba ya karkata. Shi ya sa tun kafin digo ɗaya ya taru aka san garuruwan da za su nutse, aka tashi mutum fiye da 40,000.

Nan kalmar ta zo mini: shati. Duk wanda ya ga tafki da rani ya san shatin da ruwa ke bari a gaɓa, hawa-hawa, kowanne daidai wa daida. Ko a cikin randa akwai shi. Don haka na tsaya a kan "shatin tsayi".

'Yan uwa na Yawuri da Borgu, ku tambayar mini masunta: in ruwa ya janye, me suke kiran wannan alama? In suna da tasu kalmar, ita zan kai aji.