Kalma ɗaya ta cinye zaure

Anti Zee, Samaru: Salamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. Wata huɗu ƙanena ba ya barci, ya daina zuwa lakca, ko abinci sai an yi da gaske. Sau biyu muna kai shi wani ƙaramin asibiti a unguwa, sau biyu ana cewa taifod ce. A gida kuma aka ce shafar aljanu, aka yi ta hayaƙi. Sai da likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi aka gane ciwon damuwa ne mai tsanani. Me zai hana a ajiye ma'aikaci ko ɗaya da ya san wannan lalura a kowane asibitin unguwa? Mu rage ƙauyanci don Allah.

Malam na Ƙofar Doka: Wa alaikis salam. Allah ya ba shi lafiya. Amma Hajiya, ruƙiyyar ce ƙauyanci?

Anti Zee: Malam, ban ambaci ruƙiyya ba. Hayaƙi na ce.

Ɗan Birni: Mun dai gane. Duk wanda ya kwana biyu a Samaru sai ya ga mutanen cikin ganuwa ƴan ƙauye ne. Samarun da jiya-jiya gonaki ce.

Injiniya: Jiyan naka ya yi nisa. Tun 1962 Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) take wurin.

Ɗan Birni: Ganuwar Zazzau fa, tun yaushe?

Maman Hanif: Haba jama'a, yaro ba shi da lafiya kuna lissafin ganuwa. Ga wanda bai sani ba, asibitin koyarwa na ABU yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma na gwamnatin tarayya a Barnawa, Kaduna. Amma yaron Dambo ko Wuciciri da ba shi da kuɗin mota fa? Ga kunya, kowa na tsoron a ce a gidansu akwai mahaukaci, a fasa auren ƴaƴansu mata.

Malam na Ƙofar Doka: To kin ga, ke ma kin kira ƙauyuka.

Maman Hanif: Malam, don girman Allah.

Injiniya: Ni dai kalmar ta yi daidai. Gidan marin da ƴan sanda suka buɗe a Rigasa a 2019, aka fito da mutane sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, ba ƴan'uwansu ne suka kai su ba? Me za a kira wannan?

Baban Yusra: Ka taɓa zama da yaron da ya sha ƙwaya ya ɗaga wa uwarsa wuƙa? Wanda bai sha ɗaci ba, shi ke cewa maɗaci zuma ne. Iyaye sun rasa inda za su kai su ne. Kuma yawancin wannan damuwar ta zamani shaye-shaye ne. An hana kodin a 2018, suka koma wasu abubuwan.

Anti Zee: Ƙanena ko sigari bai taɓa sha ba. Ka janye.

Baban Yusra: Ke ma janye taki.

Injiniya: Akwai fa sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin Turawa. A nan ya kamata mu matsa a aiwatar.

Ɗan Birni: Ga ƴan boko nan da shekaru. Kai da ka ci adashen zaure wata uku ba ka zuba ba, kai ne mai maganar doka?

Injiniya: Ina ruwan biri da gada? Admin, ka ja masa kunne.

Admin, Tudun Wada: To, ya isa haka. Abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda kalmar ƙauyanci ba ta dace ba, kuma Malam ya yi haƙuri matuƙa. Anti Zee ta nemi afuwarsa, Injiniya ya biya adashe kafin Juma'a. Batun asibiti kuma mu sa yaron a addu'a. Na kulle zaure sai bayan sallar asuba.