Shawarwarin da 'yan gem suka bayar kan wasannin da aka watse aka bari

Jiya mun daɗe muna hira da abokaina 'yan gem kan yadda wasannin intanet da dubban mutane ke bugawa tare irin su World of Warcraft suka ja baya, wasan da ya fito a 2004, a 2010 masu biyan kuɗin wata suka kai miliyan 12, zuwa 2015 sun dawo miliyan 5.5 har Blizzard, kamfanin da ya yi wasan, ta daina faɗin adadin. Wallahi abin na damuna don a nan na yi abokai na gaske.

Kusan kowa ya yarda lokaci ne matsalar, yaran yanzu Free Fire da PUBG Mobile suke so, minti ashirin an gama, kai kuwa a irin su World of Warcraft sai ka share awa uku da mutum ashirin kuna kan dodo ɗaya, ana dab da kashe shi wuta ta ɗauke ko data ta ƙare, ka dawo ka tarar an raba ganima babu kai.

Shawarar da ta fi yawa ita ce kar ka shiga kai kaɗai, nemi mutum huɗu ko biyar ku tsayar da dare ɗaya a sati. Wani yayanmu ya ce a fara da na kyauta da ke hawa waya, Albion Online ko Old School RuneScape, kafin a fara biyan dala duk wata. Kuma a zaɓi sabar Turai (server, wato kwamfutar da ake haɗuwa a kanta a yi wasan), ta fi kusa da mu, jinkirin bai kai na Amurka ba. Sayen kayan ado na cikin wasa da kuɗi kam an yi ta musu ba a daidaita ba.